Bolt 316 daga bolt 3: inda lissafin wutar kyauta yake karyewa

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, tambayoyin da ake kawo mini shago suka canza. Da can mutum zai ajiye inbata ko caja ya ce a duba, ya kama gabansa. Yanzu sai ya tsaya, ya zaro waya ya nuna mini bidiyo: wani a Rasha ko Indiya ya naɗa waya a jikin bututu, ya haɗa da 'yan tarkace, ga kwan fitila reras sun kama, ba batir, ba NEPA. Sai ya ce, "Injiniya, za ka iya haɗa mini irin wannan?" Lokacin da Arewa ta shafe fiye da mako cikin duhu a watan Oktoban 2024, har waɗanda ba su taɓa riƙe sukuddireba ba sai da suka turo mini irin bidiyon nan.

Ba na yi wa kowa dariya. Wanda ya kwana cikin zafin Kano ba fanka, ga yara suna kuka, yana da hujjar neman mafita ko ta ina. Kuma ni kaina naɗin kwayil shi ne abin da nake yi in na rufe shago. Na haɗa da yawa daga cikin zanen na'urorin wutar kyauta da ke yawo a intanet, masu ɗauke da sunan Don Smith na Amurka, da Kapanadze na Jojiya, da Bedini. Wasu suna aiki, har su ba ka mamaki. Abin da babu wanda ya yi a cikinsu shi ne ya ba ni wuta fiye da wadda na zuba masa.

Wanda na fi so, wanda nake sa duk sabon yaro ya fara da shi, shi ne ɗan ƙaramin kwayil mai tiransisto ɗaya, irin wanda ake kira da sunan masanin lantarki Nikola Tesla. Ka sami guntun bututun roba na masu famfo, mai faɗin inci ɗaya, tsawonsa bai kai taƙi ba. Ka sami siririyar wayar jan-ƙarfe mai fenti, ko ka warware daga tsohuwar fanka ko ka saya wajen masu naɗin kwayil a Sabon Gari. Ka naɗa kamar zagaye 300, kowane zagaye manne da ɗan'uwansa, kada wani ya hau kan wani. Nan ne ake gane mai haƙuri, don da ka saki hannu sai duk ya warware ya koma kamar taliya. Ni nakan ɗiga man goge farce duk bayan 'yan zagaye ya riƙe mini. A gindin bututun ka naɗa waya mai kauri zagaye uku ko huɗu. Sauran kayan ba su taka kara sun karya ba: tiransisto 2N2222, resista mai om 22,000, kwan LED guda, da batir mai bolt 9. Ƙasan doguwar wayar yana zuwa ƙafar tsakiya ta tiransiston, samanta kuma a bar shi a sake, ko a ɗora masa 'yar ƙwallo da aka naɗe da takardar alminiyam. In ya ƙi tashi, ka juya bakunan waya mai kaurin nan, na sama ya koma ƙasa. Galibi matsalar ke nan.

To, ka ɗauko tsohon kwan fitila mai lanƙwasa, irin farin nan da aka daina yayi, ko da ya mutu, muddin gilashin bai fashe ba. Ka kusanto da shi. Zai kama a hannunka, babu wayar da ta taɓa shi. Ranar da yarona ya fara ganin haka sai da ya ja da baya ya ce, "Oga, wallahi daga iska take zuwa!" Na ce masa ya taɓa tiransiston. Ya taɓa, ya janye yatsa da sauri, don ya yi zafi. Muka sa mita a tsakanin batir da na'urar, ta nuna kamar miliamfiya 150. Bolt 9 sau wannan, wat ɗaya ke nan da 'yan kai. Duk hasken da ke cikin kwan, da zafin da ya ƙona masa yatsa, daga cikin wannan wat ɗin suka fito. Kafin dare batirin ya mutu.

Abin da ke faruwa a cikin bututun gaskiya ne, kuma yana da ban sha'awa. Kwayil yana ajiye makamashi a matsayin maganaɗisu, kafasita kuma tana ajiye shi a matsayin caji. In ka haɗa su, makamashin zai riƙa kai da kawo a tsakaninsu da wani sauri nasa na kansa, wanda girman su biyun ne ke yanke shi. In kana tura masa wuta daidai da wannan saurin, sai kaɗawar ta riƙa ƙaruwa. Duk wanda ya taɓa tura yaro a lilo ya san wannan. Ba ƙarfi kake sawa ba, lokaci kake kiyayewa, ɗan turi kaɗan a daidai sa'ar da lilon ya juya, har yaron ya kusa kai reshe. Amma tashin da ya yi turinka ne da ya taru. In ka daina zai lafa, in kuma wani ya riƙa kama igiyar yana jan wani abu da ita, zai lafa da wuri.

Ga lissafi, don a nan ne mutanen kirki da yawa suke ruɗewa, ba don suna son yaudarar kowa ba. Ɗauki kwayil mai mikrohenri 100 da kafasita mai nanofarad 1, a jere. Saurin kaɗawarsu zai kama kilohaz 503, wato sau dubu ɗari biyar da 'yan kai a daƙiƙa. Mu ce duk asarar da ke cikin wayar ta kai om 3. In ka ba su bolt 3 a daidai wannan saurin, amfiya 1 za ta bi ta ciki. Ka auna bakin kwayil ɗin, za ka ga bolt 316. Ba ƙarya ba ce, bolt 316 ɗin suna nan, za su iya fasa maka kafasita. Sai mai gwaji ya ɗauki biro: na zuba bolt 3 sau amfiya 1, wat 3, na samu bolt 316 sau amfiya 1, wat 316. Riba ninki ɗari. Ya ɗauki bidiyo, ya saka a YouTube, mutum dubu su tura wa juna a WhatsApp.

Inda lissafin ya karye shi ne, a bakin kwayil bolt da amfiya ba sa kaiwa ƙololuwa tare. Sa'ar da ɗaya ya cika, ɗayan yana sifili. Makamashin da ya shiga kwayil a rubu'in zagaye shi ne yake fita a rubu'i na gaba ya koma kafasita, ya sake dawowa. Abu ɗaya ne yake wucewa ta gaban mita sau da yawa ana ta ƙirga shi. In ka lissafa abin da ke ajiye a ciki gaba ɗaya, kashi ɗaya cikin dubu goma na jul ne, jul kuwa shi ne wat ɗaya na tsawon daƙiƙa guda. Da ka rataya masa lodi na gaske, bolt 316 ɗin nan sai su zube, kuma duk dabarar da za ka yi, abin da lodin zai samu ba zai wuce abin da kake turawa daga baya ba. Masu gyaran fanka da injin markaɗe sun san ɗan'uwan wannan abu, shi ya sa ake rubuta kVA a jikin janareta daban da kW.

Sai kuma ita mitar. 'Yar ruwan ɗorawar nan DT830 da kowa ke da ita a shago an yi ta ne don wutar gida mai haz 50, iyakarta 'yan ɗaruruwa. In ka kai ta kusa da abin da ke kaɗawa sau miliyoyi a daƙiƙa, lambobin da za ta nuna maka ba su da asali. Na sha ganin tawa tana nuna bolt alhali ko taɓa na'urar ba ta yi ba, wayoyinta ne kawai suka zama eriya. Ido ma ba abin dogaro ba ne. Kwan LED yana yin hasken da za a gani da abin da bai kai miliamfiya 1 ba, kyamarar waya kuma a ɗaki mai duhu tana ƙara masa armashi. Dogon kwan ofis da aka rubuta wa wat 36, in ya yi fari a kusa da kwayil, ba wat 36 yake sha ba. Ka kunna ɗan'uwansa da wutar gida a gefensa, nan take za ka ga bambanci.

Duk wanda ka yi wa wannan bayani, amsar da zai ba ka guda ce: Tesla fa? Ai shi ya gano wutar kyauta, masu kuɗi suka danne. Ina girmama Nikola Tesla ƙwarai, yawancin injinan da ke juyawa da wutar gida akwai hannunsa a ciki. Amma a duba abin da ya yi niyya. Kwayil ɗin da ke ɗauke da sunansa ya yi masa rajista a 1891. A 1899 ya je Colorado Springs ya yi manyan gwaje-gwaje, kuma daga tashar wutar garin yake jan wutar da yake yin su. A 1901 ya fara gina hasumiyar Wardenclyffe a Long Island, mai tsawon kusan mita 57, da dala 150,000 da attajirin nan J. P. Morgan ya zuba. A gefen hasumiyar akwai ginin da ke ɗauke da injin wuta. Burin Tesla shi ne ya aika saƙo da wuta zuwa nesa ba tare da waya ba. Aikawa, ba ƙirƙira daga babu ba. A watan Disambar wannan shekarar Marconi ya tsallakar da siginar rediyo tekun Atlantika da kayan da ba su kai nasa tsada ba, Morgan ya ƙi ƙara kuɗi, aikin ya tsaya, aka rushe hasumiyar a 1917.

Maganar da ake yi cewa an ɓoye takardunsa ma tana da gindi, sai dai ba ta kai inda ake kai ta ba. Da ya rasu a otal a New York a watan Janairun 1943, ana tsakiyar yaƙi, hukumomin Amurka sun ƙwace kayansa. Wanda aka sa ya duba su wani farfesa ne na jami'ar MIT, John G. Trump, ƙanin mahaifin Donald Trump, kuma ya ce bai ga wani abu mai haɗari a ciki ba. Daga baya aka miƙa kayan ga danginsa, yanzu suna gidan tarihinsa a Belgrade, masu bincike suna karantawa.

Akwai wata rajistarsa ta 1901 da masu wannan harka suke yawan kafa hujja da ita, wadda ta nuna faranti a sama, da kafasita, da waya zuwa ƙasa, ana tara caji daga sararin sama. Wannan ma gaskiya ne, akwai wuta a iska. In gari ya yi garau, duk mita ɗaya da ka hau sama akwai bambancin kamar bolt 100. Matsalar ita ce amfiyar. Abin da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya bai wuce kashi biyu cikin tiriliyan na amfiya ba. Ko filin ƙwallo guda ka shimfiɗa da faranti ba za ka kunna tocila ba. A kan wannan murabba'in mita ɗin dai, rana tana zuba kusan wat 1,000 da tsakar rana.

Masu amfani da batirin mota kuwa, kamar masu bin tsarin Bedini, nasu ruɗanin daban ne. Kwayil yana harba wa batir 'yan gajerun bugu masu bolt da yawa, sai ka auna ka ga ya haura bolt 13, ka ce ya cika. Cajin baki ne kawai. Ka kunna masa fitilar mota na ɗan lokaci, zai koma inda yake. Batir kuma in ya huta bayan aiki, da kansa yake ɗan farfaɗowa, ko ba ka yi masa komai ba. Ɗan da'irar nan da ke kunna farin LED da batirin rediyo da aka yar ma haka ne. Batirin da rediyo ya ƙi a bolt 1 bai ƙare ba, saura ne a ciki, da'irar tana ɗaga shi zuwa bolt 3 da LED ke bukata. Dabara ce mai kyau, na haɗa wa yaran gida fitilar karatu da ita, amma ranar da sauran ya ƙare ita ma ta ƙare.

Inda raina yake ɓaci shi ne inda kuɗi ya shigo. Wani dattijo da muke mutunci ya zo mini da hoton abin da ake kira janareta marar mai, an ce masa ya ba da kafin alƙalami. Batir yana juya injin lantarki, injin yana juya altaneta, wato na'urar da ke samar da wuta in an juya ta, altaneta tana cajin batir, ragowar kuma ta tafi gida ta inbata. Na ce, "Alhaji, minti nawa aka kunna maka shi?" Ya ce sun kai rabin awa, har fanka da talabijin. Na ce masa batir mai amfiya-awa 100 a bolt 12 yana ɗauke da kusan wat-awa 1,200, ko ba injin ko ɗaya zai riƙe fanka da talabijin rabin awa ba tare da ya nuna gajiya ba. Mu yi musu adalci mu ce injin yana mayar da kashi 80 cikin ɗari, altaneta 60, caja 85. In ka ninka, abin da ke komawa batir bai wuce kashi 41 na abin da ya fita ba. Injin da altanetar cin batirin suke yi, ba ciyar da shi ba. Ya yi shiru, can ya ce, "To ai banza ba ta kai zomo kasuwa." Kuɗin ya ƙara a kai ya sayi sola.

Wannan sana'a ta girme mu duka. A 1775 Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa ta yanke cewa ta daina duba duk wata na'ura da aka ce tana juya kanta har abada, saboda yawan masu kawowa. A Filadelfiya an yi wani John Keely, wanda tun daga shekarun 1870 yake karɓar kuɗin masu zuba jari da sunan injin da ke aiki da kaɗawar sauti, kusan irin kalmomin da ake amfani da su yau. Bayan mutuwarsa a 1898 aka tone ƙasan ɗakin gwajinsa, aka tarar da ƙatuwar tukunyar ƙarfe da siraran bututu da aka bi da su ta ƙarƙashin daɓe. A zamaninmu, kamfanin Steorn na Ireland ya sayi talla a mujallar The Economist a 2006 yana ƙalubalantar masana su zo su gwada na'urarsa. Aka zaɓi mutum 22. A 2009 suka fito da murya ɗaya cewa ba a nuna musu wata wuta da aka samar ba.

Alhali shi kansa daidaita kaɗawar kwayil biyu yana da amfani na haƙiƙa. A 2007 wasu masu bincike a MIT, ƙarƙashin Marin Soljačić, sun kunna kwan fitila mai wat 60 daga nisan mita 2 da kwayil biyu masu faɗin santimita 60. Kusan kashi 40 cikin ɗari na wutar ne ya isa, sauran ya salwanta, kuma sun faɗi hakan da bakinsu, aka buga, wasu suka maimaita. Cajar da ake ɗora wayar salula a kanta ba tare da an jona mata igiya ba 'yar gidan nan ce. Haka rediyon da ba ya amfani da batir: kwayil, da kafasitar murɗa tasha daga tsohon rediyo, da dayod 1N34A, da doguwar waya a kan rufi, da wata a ƙasa mai laima. In akwai tashar matsakaicin zango kusa da kai za ka ji magana a kunne, siririya amma sarai. Malamin da ya koya mini aiki da shi ya fara ja mini hankali, yana cewa, "Yaro, wutar da kake ji a kunnenka, can gidan rediyo ake ƙona mata gas."

Saboda haka ga yadda nake gwada duk abin da aka kawo mini. Na farko, a cire batir a sa kafasita a madadinsa. Ina da mai mikrofarad 10,000, in na cika ta zuwa bolt 12 abin da ke cikinta jul 0.72 ne, wanda lodin wat ɗaya zai shanye kafin daƙiƙa guda. Ita ba ta da cajin baki, ba ta farfaɗowa. In na'urarka tana bayar da fiye da abin da take ci, ka mayar da abin da ta fitar cikin kafasitar, ta ci gaba da juyawa. Na biyu, in ana gardamar abin da ke fita, ba ruwanmu da mita. Mu jefa resista cikin fulas mai ruwa giram 100, mu sa ma'aunin zafi. Jul 420 ne ke ɗaga wannan ruwan da digiri ɗaya, wato wat 7 na tsawon minti guda. Ruwa bai san saurin kaɗawa ba, zafin da ya shige shi kawai yake nunawa. Na uku, a kan teburina za a yi, ni zan ɗaga na'urar in duba ƙarƙashinta, kuma ba a kusa da manyan layukan wuta ba, don a ƙarƙashin layin kilobolt 330 dogon kwan fitila yakan yi haske a hannun mutum ba tare da wata na'ura ba.

Wanda yake da abin da yake ganin zai tsallake waɗannan, ƙofa a buɗe take, ranar Asabar bayan la'asar na fi samun sarari. Sharaɗi ɗaya ne. Yawancin zanen Don Smith da Kapanadze suna bukatar bolt dubbai, sai yara su je bola su ciro taransifoma daga tsohon obin ɗin ɗumama abinci. Wannan tana ba da kusan bolt 2,000 da amfiyar da ta isa ta tsayar da zuciya, kuma ta kashe masu gwaji da dama a ƙasashe daban-daban. Kafasitar da ke tare da ita tana iya riƙe caji bayan an zare soket. In na'urarka da ita aka haɗa, ka bar ta a gida, ka zo mini da zanen a takarda mu fara da biro.